Gangar Mai Da Ta Koma Gangar Kiɗa: Labarin Yaran Tirinidad

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta barinsu su saurara har ƙarshe. Na bar shi kusan yadda na faɗe shi da baki, gyara kaɗan kawai na yi.

Bari in fara da wata kalma tamu. In an ce maka "ganga", me ke fara zuwa ranka? Wani zai ce wadda makaɗi ke ratayawa a kafaɗa. Wanda ya saba sauraren labaran kasuwa zai ce gangar ɗanyen mai. Kalma ɗaya, abu biyu da ba su haɗa hanya ba. To akwai wani tsibiri a duniya inda wasu yara marasa aikin yi suka haɗa waɗannan abubuwa biyu suka zama ɗaya. Suka ɗauki gangar mai da aka jefar, wato duro, suka buga ta da guduma har ta fara waƙa. A yau hoton wannan gangar yana kan tambarin ƙasarsu. Yaran da suka ƙirƙiro ta kuwa, a zamaninsu 'yan daba ake ce musu, 'yan sanda na bin su lungu-lungu, iyaye na hana 'ya'yansu mata kula su.

Sunan tsibirin Tirinidad. Shi ne babba a cikin tsibirai biyu na ƙasar Tirinidad da Tobago, a yankin Karibiyan, kimanin kilomita 11 kacal daga gaɓar Benezuwela. Duka mutanen ƙasar kusan miliyan 1.5 ne, ba su kai rabin mutanen birnin Kano ba. Sifaniyawa ne suka fara mallake tsibirin. A 1783 suka buɗe ƙofa ga manoman Faransa su zo da bayinsu su noma rake, a 1797 kuma Ingila ta ƙwace wurin. An gama 'yanta bayi a 1838. Da masu gonaki suka rasa hannun aiki sai suka juya Indiya, suka dinga kwaso 'yan ƙwadago daga 1845 har 1917. Shi ya sa in ka kalli mutanen ƙasar yau za ka ga manyan ɓangarori biyu, jikokin Afirka da jikokin Indiya, sai 'yan tsirarun Sinawa da Larabawan Sham da Turawa.

Kada ku ɗauka ba ruwanmu da wurin nan. A birnin Port of Spain, tun kafin a soke bauta, akwai wata ƙungiya ta Musulmin Mandingo ƙarƙashin wani malami, Jonas Mohammed Bath, suna tara kuɗi suna fansar 'yan uwansu ɗaya bayan ɗaya. Wata malamar jami'a 'yar ƙasar, Maureen Warner-Lewis, ta bi tsofaffi ƙauye-ƙauye tana naɗar abin da suka tuna na kakanninsu, kuma cikin waɗanda ta samu labarinsu har da jikokin Hausawa, tare da na Yarbawa da mutanen Kongo. Ko waƙarsu ta kalifso, wadda su da kansu suke kira "kaiso", akwai marubutan da ke ganin daga "kaico" ɗinmu sunan ya fito, wasu kuma suna jingina shi ga yaren Ibibiyo. Ni dai da na fara jin wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce to ko a can ma kaico muka kai musu.

Yanzu ga inda rigimar ta faro. Turawan Faransa sun zo da wani biki da suke yi kwana biyu kafin azumin Kirista ya kama, Litinin da Talata, shi ne Kanifal. Su a cikin manyan gidaje suke yin nasu, da rufe fuska da rawa. Da bayi suka samu 'yanci sai suka fito da nasu kan titi. Suna kiransa Kanbule, daga kalmar Faransanci mai nufin ƙonannen rake, domin tuna lokacin da in gona ta kama da wuta ake tashin bayi cikin dare da bulala su je su kashe. Sai su fito da tsakar dare riƙe da wuta, ana kaɗa gangunan fata, ana waƙoƙin habaici ga masu mulki, samari na wasan sanda wanda ake fasa kai da gaske. Gwamnatin mallaka ba ta taɓa son abin ba. A 1881 shugaban 'yan sanda, Kyaftin Arthur Baker, ya ɗaura niyyar murƙushe shi. Mutane suka tsaya, aka gwabza a titunan Port of Spain, har sai da gwamna ya sa aka tsare 'yan sanda a bariki kafin gari ya lafa. A 1884 aka yi dokar da ta hana kaɗa ganga da ɗaukar wuta da taron masu sanda a titi. A wannan shekarar dai, ranar 30 ga Oktoba, aka buɗe wuta a kan 'yan ƙwadagon Indiya da suka fito jerin gwanon Muharram a garin San Fernando, aka kashe fiye da mutum goma. Kun ga ashe ba baƙar fata kaɗai abin ya shafa ba. Tambayar ita ce, titi na waye, kuma wa ke da ikon ɗaga murya a kansa.

An hana ganga, amma hannu bai daina ƙaiƙayi ba. Sai mutane suka shiga daji suka saro gora, suka yanka ta tsawo daban-daban. Doguwa mai kauri a buga gindinta a ƙasa ta ba da babbar murya, gajeru a haɗa su da juna ko a buga da sanda, wani kuma ya riƙe kwalba da cokali. Haka aka yi shekaru kusan hamsin. Matsalar gora ita ce tana tsagewa ana tsakiyar tafiya, kuma in faɗa ya tashi ita ce makami mafi kusa. A cikin shekarun 1930, in gorar yaro ta fashe sai ya wawuri abin da ya samu a gefen hanya: murfin kwandon shara, gwangwanin fenti, babban gwangwanin biskit, ƙarfen birkin tsohuwar mota. Suka ga ai ƙarfe ya fi ƙara, ya fi juriya. Kafin 1940 wasu ƙungiyoyi sun ajiye gora kwata-kwata.

Nan ne abin mamakin ya faru, kuma ina so ku bi ni a hankali. Gwangwani in ka yi ta dukansa a wuri ɗaya, wurin zai lotsa. Wasu daga cikin yaran suka lura cewa wurin da ya lotsa ba ya ba da sauti iri ɗaya da wurin da bai lotsa ba. Wato a fuskar gwangwani ɗaya ana iya samun murya biyu. In ana samun biyu, me zai hana uku? Me zai hana takwas? Daga nan aka tashi daga hayaniya aka shiga waƙa. Wa ya fara? Har gobe unguwannin Port of Spain suna musu a kai, kowace na cewa ɗanta ne. Sunan da aka fi ambata shi ne Winston Simon, wanda ake wa laƙabi da Spree, ɗan unguwar John John da ke gindin tudun Laventille, unguwar talakawa tilis. Amma gaskiyar magana abin ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan ya gano abu yau, gobe na waccan unguwar ya leƙo ya sace fasahar ya ƙara nasa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka ta hanyar da ba wanda ya zata. An hana Kanifal daga 1942 zuwa 1945, sai yaran suka koma bayan gidaje suna ta gwaji a ɓoye. Sannan Amurka ta kafa sansanin sojan ruwa a Chaguaramas, ga kuma matatar mai a tsibirin, domin Tirinidad ƙasar mai ce tun farkon ƙarni na 20. Sai ga duro mai cin galan 55, kusan lita 208, zube ko'ina. Ranar da aka sanar da ƙarshen yaƙi a Turai, a watan Mayun 1945, hukuma ta bari a fito murna, ranar ce jama'ar gari da yawa suka fara jin abin da yaran nan suka daɗe suna dafawa. A Kanifal na 1946 Spree ya kaɗa taken Ingila a kan gwangwaninsa a gaban gwamna.

Sai kuma Ellie Mannette, na ƙungiyar Invaders. Da farko ana tura fuskar gwangwanin ne waje ta yi tudu. Shi ne ya juya abin, ya lotsa ta ciki ta zama kamar kasko, sai wuri ya ƙaru, ƙarfen ya yi laushi, muryoyi suka samu wurin zama. Shi ne kuma ya naɗa roba a bakin sandar kiɗan domin sautin ya yi taushi. Akwai labarin da shi kansa ya sha bayarwa: wai a wani faɗa 'yan wata unguwa suka ƙwace masa gangarsa da yake ji da ita, suka rataye ta a bishiya a unguwarsu, suka aika masa in ya isa ya zo ya ɗauka. Bai je ba. Ya samo babban duro ya ce zai yi wadda ta fi ta. Abokansa suka yi masa dariya, suka ce ƙarfen ya yi kauri, ba zai yi magana ba. Ya yi magana. Wannan babban duron shi ne ake amfani da shi har yau.

Bari in gaya muku yadda ake ƙera ta, domin ni nan ne abin ya fi burge ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen maƙeran da ke yanka duro suna yin murhu da kaskon suya da akwati a kasuwanninmu zai gane aikin. Ana kifa duron, gindinsa na sama. A ɗauki babbar guduma a yi ta duka ana zagayawa daga gefe zuwa tsakiya, har gindin ya nutse ya zama kwano mai zurfi. In ka yi gaggawa ƙarfen ya yage, aikin ya tashi a banza. Daga nan sai a auna, a zana gurbin kowace murya, a bi layin da ƙarfe mai dakusasshen baki ana bugawa, domin in an taɓa wannan murya maƙwabciyarta kada ta amsa. Sai a yanke jikin duron gwargwadon irin gangar da ake so. A ɗora a wuta a gasa, domin ƙarfen ya riƙe siffarsa. Sannan a zo aikin gwanaye, wato saita murya. Mutum zai zauna da ƙaramar hamma, ya ɗan buga ta sama, ya ɗan buga ta ƙasa, ya saurara, ya sake. Kuma da ya gyara wannan sai waccan ta ɗan goce, dole ya dawo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gurbi mai faɗi yana ba da babbar murya, ƙarami yana ba da siririya. Shi ya sa gangar da ke jan waƙa gajeren jiki gare ta, kuma tana ɗauke da muryoyi kusan 30 a fuska ɗaya. Mai babbar murya kuwa duro ne cikakke, muryoyi uku kacal a kowanne, sai makaɗi ɗaya ya tsaya a tsakiyar duro shida yana juyawa kamar mai tuƙa tuwon biki.

Wasu sun zo sun ƙara. Anthony Williams ya tsara muryoyin a zagaye ta yadda masu jituwa za su zauna kusa da juna, tsarin da aka fi bi a yau, shi ne kuma ya sa wa manyan gangunan ƙafafun taya domin a iya tura su a titi. Bertie Marshall ya gano yadda za a saita ƙananan sautukan da ke ɓoye a cikin kowace murya, shi ya sa gangar zamani take da wannan zaƙin kamar ƙararrawa. Ku lura fa, ba ɗayansu da ya yi karatun injiniya. Daga baya ne masana kimiyyar sauti a jami'o'i suka zo suna auna abin da kunnen waɗannan mutane ya riga ya gano. Su a can suna kiranta sitilfan, ko fan a taƙaice, wato kaskon ƙarfe.

To amma kada in yi muku kwalliya. Yaran nan ba waliyyai ba ne. Sunayen ƙungiyoyinsu ma daga finafinan yaƙi da na kaboyi suka ɗauko: Casablanca, Tokyo, Desperadoes, Renegades. In ƙungiya biyu suka haɗu a mararraba ranar biki, ba mai kaucewa, sai kwalabe da adduna su fito. An sassari mutane, an ɗaure da yawa. Jaridu na kiran a hana abin baki ɗaya. Dalilin faɗan kuwa sanannen abu ne a wurinmu: iyakar unguwa, budurwa, da raini. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da gona, ba shi da takarda, abin da ya rage masa shi ne sunan unguwarsu, kuma zai iya mutuwa a kansa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne wasu 'yan tsirarun masu faɗa a ji da suka ƙi yarda cewa maganin abin shi ne kulki. Wata mai koyar da rawa, Beryl McBurnie, ta ɗora Invaders a kan dandamalin gidan wasanta a 1948, a gaban manyan gari. Lauya Lennox Pierre ya dinga tsaya musu a kotu. Ɗan siyasa Albert Gomes ya dinga kare su a jarida da majalisa. A 1950 aka kafa ƙungiyar makaɗan domin sasanta unguwanni. Sai babbar dama ta zo a 1951, lokacin wani gagarumin baje koli a Landan. Aka zaɓo gwanaye daga ƙungiyoyin da ba sa ga maciji, aka haɗa su tawaga ɗaya, aka ba su wani Laftanar Joseph Griffith ya horar da su. Kun san daga ina ya fito? Daga ƙungiyar badujalar 'yan sanda. Suka isa Landan, suka jera gangunansu masu tsatsa ranar 26 ga Yuli, mutane na kallo suna murmushin raini, har aka fara kiɗa.

Wannan wurin yana min ciwo, wallahi. Sai da Bature ya tafa a Landan sannan masu kuɗin Port of Spain suka yarda cewa abin da ke bayan gidansu fasaha ce. Kafin nan hayaniyar 'yan iska ce. Gangar ba ta canja ba, yaran ba su canja ba. Wanda ya yaba ne ya canja.

Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1962, a shekarar da ta biyo baya kuma aka fara gasar Panorama, wadda ƙungiyar Anthony Williams ta fara lashewa. Dabarar ita ce a ɗauke faɗan daga titi a mayar da shi kan dandamali. Kuna son ku nuna unguwarku ta fi? To ga fili, ga alƙalai. A yau babbar ƙungiya tana hawa da makaɗa 100 zuwa 120, su kaɗa waƙa ɗaya ta kimanin minti takwas, a filin Queen's Park Savannah. Mafi yawansu ba sa karanta rubutun kiɗa. Da ka suke haddacewa, gaɓa-gaɓa, dare bayan dare na tsawon makonni, mai tsara kiɗan ya nuna wa shugabannin sashe, su kuma su nuna wa na ƙasa.

Wurin da ake wannan atisayen shi ne abin da na fi so ku riƙe. Kowace ƙungiya tana da filinta a cikin unguwa, yawanci fili ne kawai da rumfar kwano. Ba tikiti, ba mai gadi da zai tambaye ka wa ka sani. Tsohuwa za ta zo da kujerarta, masu sayar da abinci su kafa tebur, yaro ɗan shekara goma ya tsaya kusa da ma'aikacin banki suna koyon gaɓa ɗaya, in yaron ya riga shi kamawa shi zai koya masa. Ranar gasa kuma mutanen unguwa ne ke tura gangunan a kan tayoyinsu har bakin dandamali. Abin da ya fara a matsayin na maza zalla yanzu mata sun cika shi. Tun 1951 wata malamar makaranta, Hazel Henley, ta kafa ƙungiyar mata zalla, a 2018 kuma mace, Beverley Ramsey-Moore, ta zama shugabar ƙungiyar makaɗan ta ƙasa. Kuma ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa a tarihin gasar, Jit Samaroo, jikan Indiyawa ne, ya ci wa Renegades kofi sau tara.

Na san wani zai rubuto min a ƙasa ya ce malam, Kanifal fa akwai tsiraici da shaye-shaye. Haka ne, akwai, kuma ba tallarsa nake yi ba. Su kansu 'yan ƙasar da yawa suna kuka da inda bikin ya dosa. A da unguwa ce ke zama ta ƙera kayan shigarta da hannu, da waya da takarda da yadi, kowace tawaga tana ba da labari. Mai zane Peter Minshall ya kai wannan fasaha inda har aka gayyace shi ya tsara bikin buɗe gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 da ta Atlanta a 1996. Yanzu manyan tawagogi kamfanoni ne, kayan da yawa daga Chaina ake shigo da su, kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka, kuma ana zagaye masu biya da igiya da 'yan tsaro a kan titin gwamnati. Manyan motoci masu lasifika sun danne muryar gangar ƙarfe a ranakun bikin. Titin da kakanni suka yi faɗa da Kyaftin Baker a kansa, yau igiya ce ta raba shi.

Sai batun kuɗi. Tun shekarun 1960 kamfanoni suka fara ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, su saya musu kaya da riguna, su kuma liƙa sunansu a gaba: Shell a gaban Invaders, Amoco sannan BP a gaban Renegades, kamfanin taba na WITCO a gaban Desperadoes. Tallafin ya rage faɗa, wannan gaskiya ne, domin kamfani ba zai bar sunansa a kan masu sara ba. Amma ka duba, kamfanin mai ya jefar da duro, talaka ya mayar da shi abin alfahari, kamfanin ya dawo ya rubuta sunansa a kai. Kyautar farko ta manyan ƙungiyoyi a 'yan shekarun nan dala miliyan 1 ce ta ƙasar, ba ta kai dalar Amurka 150,000 ba. Cire kuɗin mai tsara kiɗa, da mai saita murya, da sufuri, ka raba sauran ga mutum fiye da ɗari da suka yi wata biyu ba barci. Laventille, inda abin ya fi tushe, har yau tana cikin unguwannin da suka fi fama da talauci da harbe-harben ƙungiyoyin daba. Ganga ta ba unguwar suna a duniya, ba ta ba ta ayyukan yi ba.

A waje kuwa wasu sun ci riba. Ellie Mannette ya koma Amurka a 1967, ya ƙare yana koyarwa a Jami'ar West Virginia, can ya rasu a 2018, kuma makarantu da jami'o'i da yawa a Amurka yanzu suna da nasu ƙungiyoyin. A 2001 wasu Amurkawa biyu suka yi rajistar mallakar wata hanyar ƙera gangar da inji, abin da ya tayar da ƙura sosai a Tirinidad. A birnin Bern na Siwizalan wasu maƙera biyu da suka daɗe suna ƙera gangar Tirinidad suka fitar da wata sabuwa mai kama da ƙwarya biyu a kife, ana kaɗa ta da hannu, suka sa mata suna Hang. Irinta ce kuke gani a bidiyoyin kwantar da hankali a YouTube, ana sayar da ita da tsada, kuma da yawan masu saye ba su taɓa jin sunan John John ba.

Abin da ya sa labarin nan ya tsaya min a rai, bara ni da wasu abokai mun nemi izinin yin zane a katangar wata makarantar firamare a unguwarmu. Akwai yara uku da muke aiki da su, biyu daga ciki an taɓa kama su, amma in suka riƙe burushi sai ka rantse a makaranta suka koya. Su ne ke yi wa masu shaguna da masu Keke Napep rubutu. Muka tara kuɗin fenti da kanmu. Aka yi ta mana je-ka-ka-dawo wata uku, a ƙarshe wani jami'i ya ce min ba za a ba "irin waɗannan yaran" bangon gwamnati ba. Ba a yi wata biyu ba fastocin 'yan siyasa suka rufe katangar tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya nemi izinin kowa. Fentin yana nan a ɗakina, ɗaya daga cikin yaran kuma ya koma inda muka ɗauko shi.

Ko a Tirinidad ɗin ma bango bai tsira ba. Akwai wani mai zane, Carlisle Chang, jikan Sinawa, wanda yana cikin waɗanda suka tsara tuta da tambarin ƙasar a 1962. A daidai wannan lokacin ya yi wani katafaren zane a bangon filin jirgin sama na Piarco, wanda duk mai shigowa ƙasar zai fara gani. A tsakiyar shekarun 1970 hukuma ta rushe bangon domin faɗaɗa ginin, duk da koke-koken jama'a. Mutumin yana raye, yana gari, aka sa guduma a aikinsa. Hotuna kawai suka rage.

Ita kuwa gangar, karramawar hukuma ta zo mata a hankali. A 1992 Firaminista Patrick Manning ya ayyana ta a matsayin kayan kiɗan ƙasa, amma da baki ne kawai, sai a 2024 majalisa ta mayar da maganar doka. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 11 ga Agusta ta kowace shekara domin ta. Sannan a watan Agustan 2024 Firaminista Keith Rowley ya sanar cewa za a cire jiragen ruwa uku na Kolumbus daga tambarin ƙasa, wannan tambarin dai da Chang ya sa hannu a ciki, a sa gangar ƙarfe a gurbinsu. Majalisa ta amince a watan Janairun 2025. Ba kowa ne ya yi murna ba. Wasu daga cikin jikokin Indiya sun ce to ina tasu gangar, tassa, wadda ake kaɗawa a bukukuwan aure da jerin gwanon Muharram, ita ba a ƙasar ta girma ba? Wannan muhawarar ba ta mutu ba har yanzu. Spree Simon kuwa bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya rasu tun 1976.

In kuna da data, ku shiga YouTube ku rubuta Panorama tare da sunan Renegades ko Desperadoes, ku sa abin ji a kunne, domin lasifikar waya ba ta fitar da manyan gangunan baya. A nan zan dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.